Kawu Mai Duba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu da la'asar, yana dawowa daga gona, ko ciwon kai bai yi ba. Ya zauna a dakalin ƙofar gidansa na Gwaram ya ce a kawo masa ruwa, kafin a fito da kofi rai ya yi halinsa. Ina Birnin Kudu aka bugo mini waya, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne yadda zan gaya wa Inna. Inna mahaifiyata ce, Kawu yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma shekaru ke nan babu abin da ke haɗa su sai gaisuwa.

Da safe, bayan an yi masa wanka an suturta shi, aka ce mata su shigo su yi bankwana. A gidanmu haka ake yi, kowacce ta durƙusa ta yi addu'a, ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Matar Kawu ta faɗa, 'ya'yansa suka faɗa, har maƙwabciyar da suka daɗe suna rigima a kan magudanar ruwa ta faɗa tana sharɓe hawaye. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran mu ɗauki makara. Inna ta durƙusa ta yi addu'arta, doguwa kuwa, ta shafa, ta miƙe. Matar Kawu ta kama gefen mayafinta ta ce, "Hajiya, ki yafe masa." Inna ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta zare mayafinta ta fita. Haka muka kai shi maƙabarta maganar tana raina, don na san karatun da muka tashi a cikinsa: abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa Allah yana yafewa, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya saki.

A wajen zaman makoki kowa da irin Kawun da ya zo yi wa ta'aziyya. Manoma suka zo daga Kwandiko a kan babura, wani dattijo a cikinsu ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana cewa ba don marigayi ba da ruwa ya cinye shi da iyalinsa. Tsofaffin abokan karatunsa suna ta ba da labarin rowarsa ta magana suna dariya ƙasa-ƙasa. Wasu kuma sai sun waiwaya hagu da dama kafin su ce, "Ya tafi da abin da ke cikinsa." Wani matashi da ban sani ba ya tambaye ni ko gwamnati za ta aiko a kwashe kayan ɗakinsa, na ce masa ya je ya tambayi gwamnatin. Ni duk hankalina yana cikin gida, inda Inna ke zaune a kan tabarma tana jan carbi, tana amsa gaisuwa da kalma ɗaya.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu ya yi aiki a Abuja, a hukumar nan mai kula da taurarin ɗan'adam, har ya yi ritaya. Tauraron yana kewaya duniya yana ɗauko hotunan ƙasa daga sama, shi kuma aikinsa ya zauna a gaban kwamfuta ya karanta hotunan, ya ce nan gona ce, nan daji ne, nan ruwa ya ƙaru. Gidanmu gidan malamai ne, kakanmu yana da makaranta a zaure. Inna ta sha ba mu labarin ranar da Kawu ya fara zuwa hutu, kakanmu ya tambaye shi a gaban almajiran ilimi wane irin aiki yake yi. Kawu ya rasa yadda zai faɗa da Hausa, sai ya ce, "Duba nake yi, Malam." Tsohon ya ajiye littafin da ke hannunsa. A wajensa duba guda ɗaya ne, na masu buga ƙasa suna gaya wa mutane gaibu. Ya ce, "Duba? Na kai ka boko ka dawo mini boka?" Kawu ya so ya gyara ya ce ai taurari ne suke nuna masa, nan fa abin ya ƙara lalacewa. Sai da ya yi kwanaki yana bayani da zane a ƙasa kafin kakanmu ya yarda ya ci abinci kwano ɗaya da shi. Sunan dai ya bi shi, har ya mutu Mai Duba ake ce masa daga Gwaram zuwa Wurno.

Mutanenmu kuwa suka ɗauki sunan da gaske. Duk hutun da ya zo sai an yi layi a ƙofar gida. Mai jakin da ya ɓace, wanda aka sace wa babur a kasuwa, matar da mijinta ya tafi cirani ya yi shiru, kowa cewa yake, "Malam, a duba mana." Ba ya kora, ba ya dariya. Zai sa a kawo ruwa, sai mutum ya sha ya gama kukansa, sannan ya ce, "Daga can sama jakinka bai kai ƙwayar gero ba, je ka tambayi mahauta." In an zo batun ganin wata kuwa cewa yake nasa tauraron ƙasa yake kallo, ya juya wa sama baya. Yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni haushi: in za a yi maganar da ya ɗauka da nauyi, sai ya kashe wayarsa ya cusa ta a takalmi a bakin zaure, ya ce ni ma in cusa tawa. Ni malamin sakandare ne, shi ya sa yake kirana Ticha. Nakan ce, "Kawu, wa zai saurari maganar iri da taki?" Sai ya ce, "Ticha, cusa dai."

Shi ya koya mini cewa hotunan ofishinsu kashi biyu ne. Yakan ce akwai na tsakar gida, akwai na ƙuryar ɗaka. Na tsakar gida na kowa ne: ruwa, gonaki, zaizayar ƙasa, inda gari yake faɗaɗa. Na ƙurya kuwa na jami'an tsaro ne, kuma ya yi rantsuwa a kansu. Abin da mutane ba su sani ba, rabin rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne yana faɗa a fito da kaya daga ƙurya zuwa tsakar gida. Yana ganin ma'aikaci in ya ji tsoro komai sai ya buga masa hatimin sirri, don ba a taɓa korar mutum saboda ya yi shiru ba. Shekarar da kogi ya fara cin gaɓa a yankinmu ya nemi a saki hotunan, wasu a ofis suka ce a'a, gada ta fito a ciki, gada kuwa maganar tsaro ce. Ya ba ni labarin yana huci. "Gadar da kowane ɗan acaɓa yake takawa safe da yamma, ita ce sirri? Su waye ba su san tana nan ba, kifaye?" Ya yi ta kai da kawowa har aka amince.

Ina nan ranar da ya kawo hotunan. Ya shimfiɗa su a kan tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, aka danne kusurwoyin da duwatsu. Manoma suka kewaye suna kallo kamar ba garinsu ba, sai da wani ya gane tsamiyar gonarsa ya ɗora yatsa a kai, nan kowa ya fara laluben tasa. Kawu ya nuna musu inda ruwa ya kwanta bara, da inda ya kwanta bana, ya ce su da kansu su faɗi inda zai kwanta baɗi. Ba su so ba, wa zai so barin gidan da aka binne cibiyarsa? Amma gidajen bakin gaɓa suka tashi suka koma tudu, damina ta zo ta shafe wurin. Dattijon nan da ya riƙe hannuna yana cikinsu. Daga ranar mutanenmu suka yanke hukunci cewa babu abin da ke bayan ƙasa da Kawu ba ya gani, kuma wannan hukuncin ne ya zame mana masifa.

Ƙanina, autan Inna, fataucin riɗi yake yi. Wata rana ya bi mota zuwa wata kasuwa can kudu, ta hanyar da ta ratsa daji, ɓarayin daji suka tare su suka shiga da su ciki. An bugo waya sau ɗaya, muka ji muryarsa yana cewa yana nan da rai, daga nan layin bai ƙara shiga ba. Mun kai rahoto, mun bi duk inda aka ce mu bi. Mafarautan garinmu suka zo da kansu suka ce a shirye suke su shiga, amma dajin ba a shigarsa da ka, sai an ce musu ga wajen da za su dosa. Inna ta yafa mayafi ta ce in kai ta Gwaram, don Kawu ya taho gida da jin labarin.

Ba zan manta da zaman nan ba. Ko wayoyi bai ce a cusa ba, shi da kansa ya karɓe su ya fita da su. Inna ta durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa gani ba.

"Yaya, ka duba mini."

"Hajiya, tashi ki zauna."

"Ba zan tashi ba. Ka nuna wa mutanen bakin kogi inda ruwa zai bi. Ni ɗana nake tambaya. Ka ce mini gabas ko yamma, shi ke nan, mafarauta suna jira."

"Na kai maganar inda ake kaiwa, kuma ban zauna ba. Abin da ya wuce wannan ba zan iya faɗa ba."

"To ka gani ko ba ka gani ba?"

Ya kawar da kai gefe.

"In ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba, in koma gida in rungumi ƙaddara."

"Shi ma ba zan ce ba."

Inna ta miƙe ta karkaɗe zaninta ta ce, "Nono ɗaya muka sha da kai, amma gwamnati ta fi ni. Allah yana gani, shi ba ya ɓoye wa bayinsa rahama." Ta fita ta bar takalminta, sai da na bi ta da shi har bakin titi.

Na koma ciki raina a ɓace, na gaya masa maganganun da ɗa ba ya gaya wa kawunsa. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Ticha, zauna ka yi lissafi, ai kai kake koyar da shi. In na ce ga wuri, mafarauta za su shiga da bindigar toka, waɗancan kuwa ka san abin da ke hannunsu. Gawa nawa kake so mu ɗauko? Kuma da sun ji motsi, waɗanda suke tsare da su za su fara taɓawa." Na ce to ya ce bai gani ba mana, ko don hankalin tsohuwa ya kwanta. Ya ce, "In na ce ban gani ba, Innarka za ta gaya wa maƙwabciya don ta rage zafi. Kafin ranar kasuwa maganar ta isa daji, sun san inda idon gwamnati ba ya kaiwa ke nan. Kana tsammani ba su da kunnuwa a garin nan? Eh ɗina sirri ne, a'a ɗina ma sirri ne. Ƙarya kuma ba zan yi wa 'yar'uwata ba." Na gane lissafin sarai, amma ganewar ba ta rage mini komai ba, kuma ban ga ta inda zan ɗauke shi in kai wa uwar da ɗanta ke daji ba.

Auta bai dawo ba, ba a kuma kawo gawarsa ba. Kawu ya yi ritaya ya dawo Gwaram ya kama noma, amma bai samu hutun da ya zo nema ba. 'Yan gari suna alfahari da shi a kasuwa, suna cewa mu ai muna da mai ganin ɓarayin daji har cikin bukkarsu. Duk ranar da irin wannan magana ta dawo kunnensa sai ya kasa cin abinci. Ya yi ta roƙon mutane su daina, yana cewa shi yanzu manomi ne, rabonsa da kwamfutar ofis tun ranar da ya miƙa makulli. Wa zai yarda? Baƙin fuska suka fara tambayar gidan Mai Duba a tasha. Ya daina zama a dakali bayan magariba, ya riƙa sauya hanyar gona, ya tura 'yarsa ta ƙarshe makarantar kwana ba don yana so ba. In babur ya tsaya a ƙofar gida matarsa sai ta leƙa ta kafar ƙyaure kafin ta bari a buɗe. Mu ma a Birnin Kudu in wayarsa ta ƙi shiga sai mu yi ta bugawa har ta shiga. Mutumin da ya yi ta faɗa a buɗe wa jama'a abin da yake nasu, ƙarshensa tsoron bakin jama'ar ne ya hana shi sakat.

Duk da haka duk Juma'a sai ya hau mota ya zo gaida Inna. Ya zauna a kan kujerar roba a tsakar gida, ya ajiye ledar lemo ko rake. "Hajiya, ina wuni?" "Lafiya." "Ya ƙafar?" "Da sauƙi." Iyakarta ke nan, don ta san addini bai yarda da gaba ba, sai ta tsaya daidai kan iyakar. Shi kuma ya zauna yana juya hula a gwiwa, ita tana tsince shinkafa tana satar kallonsa. Na sha ce masa ya huta da wannan wahala. Ya ce, "Ba ta kore ni ba ai." Na lura kuma ranar Juma'a Inna takan sa a share tsakar gida da wuri, ta fito da kujerar da kanta, amma in ka faɗa za ta ce don baƙi ne.

Ranar sadakar uku wasu abokan aikinsa suka zo daga Abuja. A cikinsu akwai wani dattijo mai farin gilashi da aka ce teburinsu ɗaya da Kawu shekara da shekaru. Labari ya shiga cikin gida, Inna ta aiko a kira ni. Ta ce, "Je ka tambaye shi. Yanzu ai mai rantsuwar ya tafi." Na ja dattijon gefe, bayan rumfa, na gaya masa ko ni wane ne da abin da ke tafe da ni. Ya cire gilashin ya goge ido.

"Ɗana, na san maganar. Rantsuwar da ya yi ni ma ita na yi."

"Baba, mutumin nan yana kabari da haƙƙin ƙanwarsa a wuyansa. Kalma ɗaya za ta sauke masa. Ya gani ko bai gani ba?"

"In na faɗa, na rushe abin da ya ƙare rayuwarsa yana tarewa. Dajin yana nan, mutanen suna nan, akwai 'ya'yan wasu a ciki yau da muke magana. Abin da zan iya ba ka shi ne wanda yake nawa, da idona na gani. Shekarar da abin ya faru kawunka shi ke buɗe ofis shi ke rufewa, har wandonsa ya daina zama a ƙugunsa. Abin da ke gabansa a kwamfuta kuwa kada ka tambaye ni."

Na ce, "Ku dai duk bakinku ɗaya," na juya na bar shi a tsaye. Na kama hanyar shiga gida, ga shi Liman ya riga ya zauna, ana jiran a fara addu'a a watse, kuma na san in Inna ta hau mota ta koma Birnin Kudu da maganar nan a cikinta, da ita za a binne ta.

Na same ta a ɗakin matar Kawu, mata sun cika shi. Na durƙusa na gaya mata yadda muka yi, ban ƙara ba ban rage ba. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ajiye carbin ta yi magana a hankali, kamar ni kaɗai ne a ɗakin.

"Kana tsammani ban san Yaya ba ne? Na san ba mugu ba ne. Amma duk Juma'ar da ya zo ya zauna ya ƙi magana, sai in ce a raina akwai abin da ya sani yake ɓoyewa. Wanda ake ɓoye inda yake ai yana wani wuri. Da wannan nake iya haɗiyar tuwo. In na yafe masa na sake shi ke nan, shi da abin da ya sani, ba ni da sauran wanda zan riƙe."

Inna ta juya ta kama hannun matar Kawu ta ce da murya sosai, yadda na bakin ƙofa ma za su ji, "Ku shaida, na yafe wa Yaya duniya da lahira. Ni ma Allah ya sa ya yafe mini." Matar Kawu ta kifa kai a cinyarta tana kuka. Na yunƙura zan tashi, sai Inna ta riƙe bakin rigata.

"Ka ce wa Liman in zai yi addu'a ya haɗa da auta."

"Ta Allah ya bayyana shi, Inna?" Don tun da abin ya faru ita kaɗai ake yi a gabanta, ba wanda ya isa ya yi wata.

"A'a. Wadda za a yi wa Yaya."

Na fita na sunkuya na raɗa wa Liman. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "An samu labari ne?" Na ce ba a samu ba, uwarsa ce ta ce. Ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Ya roƙi Allah ya yalwata wa Kawu kabarinsa, ya karɓi amanar da ya riƙe, ya sa abin da ya haɗiye ya zame masa haske. Na ce amin da dukkan zuciyata. Da ya ambaci ƙanina a cikin waɗanda suka riga mu, harshena ya ƙi motsi, don har yau ban sani ba ko mai rai muka yi wa addu'ar matattu. Daga bayan katanga na jiyo muryar Inna, ta riga kowa cewa amin.